Na tuba, me ya sa har yanzu nake girbin abin da na shuka?

Wani matashi daga Maraɗi ya aiko da wannan wasiƙa, ya kuma roƙi a sakaya sunansa.

"Baba, ni tela ne, shekaruna 27, kuma ni ne ma'ajin ƙungiyar matasa ta ikkilisiyarmu. Kuɗin da muka tara domin sake rufin majami'a, jika 400 na sefa, a hannuna suke. Na fara cacar ƙwallo a waya da kuɗina, da na yi asara sai na taɓa na ajiyar da niyyar in ci in mayar, har suka ƙare ƙaf. Ranar da aka tashi sayen kwano asirina ya tonu. Dattawa sun sauke ni, sun dakatar da ni daga Jibin Ubangiji, iyayen yarinyar da zan aura sun ɗage ranar aure ba su sa wata ba, mahaifina kuma da ka kawai yake amsa gaisuwata. Na yi kuka, na yi azumi, na roƙi gafara, amma babu abin da ya sauya. Idan Allah ya gafarta mini, me ya sa bai ɗauke mini wannan kunya ba? Wani abokina yana kirana in bi shi haƙar zinariya a arewa. Wani lokaci kuma nakan ji gara a ce ba na duniya."

Ɗana, da maganarka ta ƙarshe zan fara, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali. Idan tunanin raba kanka da duniya yana zuwa maka, kada ka sake kwana da shi kai kaɗai. Ka je wurin fastonka, ko wani dattijo da ka amince da shi, ko mahaifiyarka, ka faɗa da bakinka kamar yadda ka rubuta mini, in kuma abin ya hana ka barci da cin abinci, ku je asibiti tare ku ga likita, domin baƙin ciki mai tsanani ciwo ne da ake dubawa. Jika 400 kuɗi ne masu yawa, ban raina su ba, amma cikin dukan waɗanda suka zuba su babu ko mutum ɗaya da zai yarda a biya shi da ranka. Ka tuna Yahuza da Bitrus a dare ɗaya suka faɗi. Yahuza ya ce ya yi zunubi, har ya mayar da azurfa talatin ɗin (Matiyu 27:3-5), amma ya ɗauki nadamarsa ya tafi da ita inda babu kowa. Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, amma da safiyar Lahadi ta waye yana tare da ƴan'uwa, da kunyarsa da komai. Bulus ya bambanta waɗannan baƙin ciki biyu a 2 Korantiyawa 7:10: akwai wanda yake kai mutum ga tuba da ceto, akwai na duniya wanda yake kai shi ga mutuwa. Ina roƙonka ka zauna cikin mutane kamar Bitrus.

Yanzu ga tambayarka. Idan ka furta laifinka a gaban Allah ba tare da kwana-kwana ba, to, ya gafarta maka. 1 Yahaya 1:9 ta ɗora wannan alkawari a kan amincin Allah da adalcinsa, ba a kan yadda zuciyarka take ji ba, ba kuma a kan yadda mutane suke kallonka a bakin majami'a ba. Almasihu ya riga ya ɗauki hukuncin zunubin nan a kan gicciye, kuma yawan azuminka ba zai ƙara wa abin da ya yi komai ba. Sai dai kana auna gafarar Allah da ma'aunin da ba nata ba. Ka sa a ranka cewa in ya gafarta, to, dole bashi ya ɓace, surukai su sauko, bakin mutane ya rufu. Littafi Mai Tsarki bai taɓa yin wannan alkawari ba, kuma ba zan yi maka shi ba don kawai ka ji sanyi yau.

Ka buɗe 2 Sama'ila sura 12 ka karanta a hankali. Dawuda ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin daga. Da annabi Natan ya tsare shi, bai kawo hujja ba, ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi. Nan take Natan ya ce masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba. Amma a zama ɗaya, da baki ɗaya, ya gaya masa cewa ɗan da aka haifa zai mutu, kuma ya riga ya faɗa masa takobi ba zai rabu da gidansa ba. Haka kuwa aka yi: Amnon ya ɓata ƙanwarsa Tamar, Absalom ya kashe Amnon, daga baya ya kori mahaifinsa daga Urushalima. Mutumin da ya sha wannan duka shi ne ya rubuta a Zabura 32 cewa mai albarka ne wanda aka gafarta wa laifinsa, kuma bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne yadda ya ɗauki sakamakon. Ya yi azumi yana kwance a ƙasa muddin yaron yana da rai, da yaron ya rasu sai ya tashi, ya yi wanka, ya sake tufafi, ya shiga gidan Ubangiji ya yi sujada, sannan ya ce a kawo abinci. A ranar da yake gudu daga Absalom kuma, Shimai ya bi shi a gefen tudu yana zaginsa, yana jifansa da duwatsu da ƙura, Abishai ya nemi izini ya je ya sare masa kai, Dawuda ya hana, ya ce a bar shi, wataƙila Ubangiji ya dubi wahalarsa (2 Sama'ila 16). Ka riƙe wannan a ranar da za ka wuce ka ji ana zunɗenka. Kuma daga wannan gida da ya tarwatse, daga Batsheba, matar Uriya ɗin nan, aka haifi Sulemanu, har sunan ya shiga jerin kakannin Yesu a Matiyu 1:6.

Ko ɗan nan da ya ɓatar da gadonsa a Luka 15, uban ya sheƙa a guje ya rungume shi, ya sa masa riga da zobe, ya yanka ɗan maraƙi, amma ba mu ji an sake raba dukiya ba. Ga babban ɗan kuwa, uban ya ce duk abin da yake da shi nasa ne. Matsayin ɗa ya dawo a yini ɗaya, kuɗin da aka cinye a ƙasa mai nisa kuwa sun tafi.

Zan gaya maka ra'ayina kan dalilin da ya sa Allah bai ɗauke maka wannan nauyi ba, ka auna shi da kanka. Da a ce daren da za a sayi kwano wani ya zo a ɓoye ya damƙa maka jika 400, ka mayar, babu wanda ya sani, kana ganin da ka daina caca? A wasiƙarka ba ka ce ka tsaya da kanka ba. Kuɗin ne suka ƙare, asiri kuma ya tonu. Tonuwar nan, duk da zafinta, ita ce ta tsayar da kai tun kana shekara 27, tun ba ka kai ga sayar da gonar gado ba, tun ba ka da mata da ƴaƴan da za su kwana da yunwa saboda wasan da aka buga a Ingila ko Sifen. Ibraniyawa 12:11 ta yarda cewa horo ba ya da daɗi a lokacin da ake shansa, amma ta ce daga baya yana haifar da salama da adalci ga waɗanda suka horu da shi.

Akwai kuma abin da na nema a wasiƙarka ban gani ba, kuma don ina ƙaunarka zan faɗa. Ka ambaci kuka, ka ambaci azumi, amma ba ka ce ka mayar da ko dala ɗaya ba. Kuɗin nan ba daga sama suka faɗo ba. Akwai ɗan kabu-kabun da ya rage kuɗin mai ya zuba, akwai yarinyar da take tuya ƙosai ta ba da ribar yini, akwai ɗan makarantar da ya haƙura da karin kumallo. Su ma ka yi wa laifi, kuma damina za ta same su a ƙarƙashin tsohon rufi. A Littafin Ƙidaya 5:5-7 an umarta cewa wanda ya cuci ɗan'uwansa ya furta laifinsa, ya biya abin da ya ci cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Yesu ya ce wanda ya kawo baiko gaban bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Zakka mai karɓar haraji kuma, ranar da Yesu ya shiga gidansa a Yariko, da kansa ya miƙe ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Ba biyan ne ya saya masa ceto ba, ceton ne ya sa hannunsa ya buɗe. Ban ce ƙarin kashi ɗaya cikin biyar doka ce a kanka ba, amma in ka gama biya ka ƙara jika 80 da son ranka, ko ka hau rufin ka yi aikin ƙarfi kyauta, za ka gane abin da ya sa aka rubuta ta.

Saboda haka, kada ka jira dattawa su kira ka. Ka nemi zama da su a wannan makon, ka je da takarda da ka rubuta adadin bashin da abin da za ka iya biya, ka sa hannu a gaban shaidu biyu, kuma ka je da kuɗi a hannu ko da jika biyu ne. Kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka don ka burge su. Idan kana biyan jika 5 kowane mako, a mako 80 ka gama, wato shekara ɗaya da rabi da ƴan kai, kuma kai tela ne, ka san yadda ɗinki yake yawa gab da ƙaramar salla da babbar salla da Kirsimeti, sai ka riɓanya a waɗannan lokuta. Kada ka sayar da keken ɗinki, domin da shi za ka fita daga wannan rami. Abin da ka tara na hidimar aure da duk wani kayan ƙawa, su ne za su fara tafiya. Kada kuma ka ci bashi mai ruwa, ko ka shiga adashi ka kwashi ɗaukar farko don ka toshe wannan, domin sauya mai binka kawai ka yi. In akwai wani bashin da ba a sani ba, ko kuɗin ɗinkin mutane da ka karɓa ka kashe, ko yadin wani da ka jinginar, ka faɗe su duka a zama ɗaya. Gaskiyar da take fitowa gutsure-gutsure ta fi laifin farko kashe amana.

Game da cacar kanta, ina so ka fahimci cewa ba rashin sa'a ba ne ya cinye ka. An tsara lissafin ne yadda mai gidan caca zai ci riba ko wa ya yi nasara a fili. Inda damar ƙungiyoyi biyu take daidai, adalci shi ne a ninka maka kuɗinka sau biyu in ka ci, amma abin da ake biya ƙasa da haka ne, kuma wannan ɗan gibin yana taruwa a kan kowane tikiti. Ga kuma tikitin da samari suka fi so, mai haɗa wasanni da yawa. A ce ka haɗa wasa 10, kowanne kana da tabbacin kashi 70 cikin 100, to, damar su zo duka daidai ba ta kai 3 cikin 100 ba. Shi ya sa kullum wasa ɗaya ne yake "yanke" tikiti, mutum ya tashi yana ganin saura ƙiris, ya sake zubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtukan da take lissafawa, don haka kada ka dogara da ƙarfin zuciyarka kawai. Ka sayar da babbar wayar ka sayi ƙarama mai tocila, ka rufe asusun, ka ƙaurace wa gidan kallon ƙwallo da abokan da suke turo maka wasannin da suka ce tabbas ne, kuma na tsawon watanni ka bar wani amintacce ya riƙa karɓar cinikin shago da yamma yana ba ka na abinci. In ka sake faɗawa, ka gaya masa a ranar, kada ka bari ta kwana.

Tafiya haƙar zinariya kuwa, ban goyi bayanta ba. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samarinmu suke kwarara arewa, gwamnati ta rufe wurin a 2017, kuma ba sai an je nesa ba, a nan Garin Liman ta yankin Ɗan Isa rami ya rufta a watan Nuwamba na 2021 ya kashe aƙalla mutum 18. Amma ba haɗarin ne kaɗai ya dame ni ba. Tunanin da ya kai hannunka cikin ajiyar ikkilisiya shi ne yake kiranka yanzu: sa'a ɗaya babba wadda za ta share komai a dare ɗaya. Karin Magana 13:11 ta ce dukiyar da aka samu da gaggawa takan zube, mai tarawa kaɗan-kaɗan kuwa yakan ƙaru. Cin rani ba laifi ba ne, amma wanda ya sulale da bashin mutane a wuyansa, mahaifinsa ne zai zauna yana amsa tambaya. Onisimas ya gudu daga Filimon, ya sadu da Bulus ya ba da gaskiya, Bulus kuma ya mayar da shi gidan da ya baro, da wasiƙa a hannunsa.

Dattawanku ba su zalunce ka ba. Cin amanar kuɗin ajiya laifi ne da dokar ƙasa take hukuntawa, da sun so da a komsariya ake wannan magana. Ka ci gaba da zuwa sujada kowace Lahadi, ko da a bencin baya za ka zauna, ka zo da wuri ka yi shara, kada kuma ka koma wata ikkilisiya don ka guje wa horon. Kana da ikon ka tambaye su cikin ladabi abin da suke so su gani kafin a maido ka teburin Ubangiji, da wanda za su ba ka ya riƙa bibiyarka. Su ma in wannan amsa ta kai gare su, ina tuna musu cewa Bulus ya gaya wa Korantiyawa horon da aka yi wa mai laifi ya isa, su yafe masa su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:6-8). Kuma bai dace a bar kuɗin jama'a a ɗakin saurayi ɗaya ba lissafi ba. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka kuɗin (2 Korantiyawa 8:18-21). Kai kuwa, kada ka sa ran komawa kujerar ma'aji, kuma in an miƙa maka nan kusa ka ƙi.

Ka ce babu abin da ya sauya. Bari in nuna maka wani abu da yake a gonakin da suke kewaye da garinku. A farkon shekarun 1980 an sare itatuwan ƙasar Maraɗi har iska takan binne shukar gero da rairayi, manomi ya sake shuka sau da yawa a damina ɗaya, dashen da ake yi kuma yawanci ba ya rayuwa. A 1983 wani ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin shi ne manomi ya zaɓi tsiro kaɗan masu ƙarfi a kan kututturen kalgo ko sabara, ya yanke sauran, ya rage rassan ƙasa, ya tsare su daga awaki da masu itacen girki, ya kuma dawo baɗi ya sake gyarawa. Manoma suka karɓa, gona ta koya wa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a kudancin Nijar. Ayuba ya faɗa cikin kukansa cewa itacen da aka sare yana da sa zuciya, domin ko kututturensa ya tsufa a ƙasa, da ya ji ƙanshin ruwa zai yi toho (Ayuba 14:7-9). An sare ka, ɗana, da gatarin da ka wasa da hannunka. Amma mutumin da laifinsa yake hana shi barci, har ya zauna ya rubuta shi ba tare da ya ɗora wa kowa ba, saiwarsa ba ta mutu ba. Sai dai ba a shekarar da aka fara gyaran ake zama a inuwa ba, kuma akwai abubuwan da dole a yanke.

Mahaifinka yana ɗauke da kunyar da ba shi ya jawo ba. Kiristoci ba su da yawa a Maraɗi, kowa ya san gidan kowa, kuma maƙwabtansa Musulmi, waɗanda addininsu ma ya haramta caca, sun san shi da mutunci shekara da shekaru. Kada ka daina durƙusawa kana gaishe shi safe da yamma, ko da ka zai amsa. Kada ka dame shi da dogon bayani. Ka nemi baffanka ko kawunka ya raka ka sau ɗaya ka roƙi gafararsa, daga nan duk lokacin da ka biya wani abu ka ajiye masa takardar shaidar a gabansa ka tashi.

Maganar aure ita ce wadda ba ni da alkawarin da zan yi maka a kanta. Iyayen yarinyar sun yi abin da kowane uba mai hankali zai yi, kuma wataƙila su sa wata rana, wataƙila ba za su sa ba. Kada ka matsa mata da saƙonni cikin dare, kada ka ce mata in tana ƙaunarka ta bijire wa iyayenta, kada kuma ka ɗora mata nauyin cewa in ta bar ka za ka lalace. Bayan ka zauna da dattawa kun sa hannu, ka ɗauki ɗaya daga cikinsu ku je wurin mahaifinta. Ka faɗa masa adadin kuɗin da yadda suka tafi, ka nuna masa takardar biyan, ka gaya masa cewa ba ka zo neman a sa rana ba, kuma ba za ka sake ɗaga maganar ba sai ka gama biya, in kuwa kafin lokacin sun ga abin da ya fi wa ƴarsu alheri, ba za ka riƙe su a zuciya ba.